Hannu a Kano, Kwamfuta a Gashuwa: Tarihin Sarrafa Na'ura Daga Nesa

A shekarar 1930 layin dogo ya iso Nguru daga Kano. Ya ratso ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, tafiyar sama da kilomita 200, a nan kuma ya ja birki. Bai ƙarasa Gashuwa ba, bai taka ƙasar Karasuwa da ke tsakanin garuruwan biyu ba. Duk abin da yankin ya tara, gyaɗa da fatu da ƙaro da kanwa da shanu, sai an kai shi Nguru a ɗora wa jirgi. Sai dai dogo ba ya tafiya shi kaɗai. Waya tana biye da shi a kan turaku, domin dole wannan tasha ta sanar da waccan cewa jirgi ya taso. Tun daga lokacin mutanen yankin suka san kaya iri biyu ne: akwai wanda sai an ɗauka an kai, akwai wanda ake turawa ta waya. Mai gyara da idonsa da hannunsa, shekaru aru-aru a rukunin farko suke. In inji ya lalace, ko dai a kai shi Kano, ko a biya wa mai gyara kuɗin mota da na masauki ya zo. Yadda idon nan da hannun nan suka koma rukuni na biyu shi ne tarihin da ke gabanmu.

Abin da ake nufi ba shi da wuyar faɗa. Mutum yana zaune a Kano ko Abuja, fuskar wata kwamfuta da ke Jajimaji, hedikwatar Karasuwa, ta bayyana a cikin tasa. Ya motsa linzaminsa, kibiya ta motsa a can. Ya buga rubutu, ya fito a can. Kwamfutar ba ta gusa ba, takardun da ke cikinta ba su gusa ba. Hoto ne ya tafi, umarni ya dawo. Duk wanda ya riƙe wannan ya riƙe zaren labarin, domin alherin abin da sharrinsa duka daga nan suka fito.

Shekara goma da isowar jirgi Nguru, a watan Satumba na 1940, wani masanin lissafi na kamfanin Bell mai suna George Stibitz ya tsaya gaban taron 'yan'uwansa masana a Kwalejin Dartmouth, a jihar New Hampshire ta Amurka. A gabansa akwai keken rubutu irin na tangaraho. Na'urar lissafin da ya ƙera kuwa tana birnin New York, ɗaruruwan kilomita daga wurin. Mahalarta suna buga tambaya, ta bi waya, na'ura ta warware, amsa ta dawo ta fito a takarda. Wannan ne ake lissafawa a matsayin karon farko da aka sa na'urar lissafi aiki daga nesa. Daga 1961, a jami'ar MIT, aka fara raba lokacin babbar kwamfuta guda ga mutane da yawa, kowa da nasa keken rubutun a ofishinsa. Wato aiki daga nesa ya girmi kwamfutar kan tebur. A zamanin, kwamfuta ɗaki guda take cikawa, kuɗinta sai gwamnati ko jami'a, saboda haka kusan kowa daga nesa yake taɓa ta. Amma duk haruffa ne da lambobi. Babu hoto.

Wanda ya fara nuna wa duniya hoton shi ne Douglas Engelbart, ranar 9 ga Disamba 1968, a birnin San Francisco. Ya hau dandamali gaban mutum kusan dubu, ya yi minti 90 yana aiki da kwamfutar da ba ta cikin ɗakin, tana Menlo Park, kimanin kilomita 48 daga wurin. A hannunsa akwai wani ɗan akwati mai igiya da jama'a ba su taɓa gani ba, shi ne linzamin kwamfuta na yau. Can a tsakiyar bayanin sai fuskar abokin aikinsa Bill Paxton ta bayyana a gefen allon daga Menlo Park, su biyun suna kallon rubutu ɗaya, kowa da tasa kibiyar. Amma in ka leƙa bayan labule, za ka ga tsadar abin. Abin da Engelbart yake dannawa ta layin waya yake tafiya, ba shi da nauyi. Hoton kuwa sai da aka haska shi da kyamara, aka turo shi ta na'urorin aika hoto irin na gidan talabijin. Ka ga ke nan sai mai ƙarfin gidan talabijin zai iya kallon kwamfutarsa daga nesa.

Me ya sa hoto yake da nauyi haka? Lissafin a fili yake. Shafin rubutu na tsohuwar fuskar kwamfuta, layi 24 ne, kowane layi harafi 80, jimla 1,920. Modem ɗin wayar tarho mafi sauri na ƙarshen shekarun 1990 yana tura wannan kafin daƙiƙa guda ta cika. Fuska mai hoto kuwa ɗige-ɗige ce. Wadda aka fi yayi a zamanin tana da ɗigo 1,024 a kwance, 768 a tsaye, wato 786,432, kuma kowane ɗigo yana da nasa launin da sai an faɗa. In aka ce a tura ta yadda take, ta haura megabayit biyu, wannan modem ɗin sai ya yi fiye da minti biyar yana jan hoto ɗaya. Kafin ya gama, fuskar ta canza sau ɗari. Duk ƙoƙarin da masana suka yi cikin shekara talatin a wannan fage, a kan tambaya ɗaya yake: yaya za a yi a tura kaɗan, mai kallo ya ga kamar an turo duka?

Sun rabu gida biyu. Gida na farko suka ce kada a tura hoto, a tura umarnin zana shi: ja layi daga nan zuwa can, rubuta kalma kaza da harafi kaza, cika wannan gurbi da shuɗi. Na'urar mai kallo ita za ta zana. A kan wannan aka gina tsarin X a MIT a 1984, aikin Bob Scheifler da Jim Gettys, wanda fitowarsa ta 11 a 1987 ta zama ƙa'ida ga kwamfutocin jami'o'i. Wannan hanya ce kuma Ed Iacobucci ya bi bayan ya bar IBM ya kafa Citrix a 1989. Manhajarsu ta WinFrame ta 1995 tana bari mutane da yawa su yi aiki da Windows a kan babbar kwamfuta guda, kowa daga inda yake. Microsoft ya ga riba, ya ƙulla yarjejeniya da su a 1997, a 1998 ya fitar da nasa, da tsarin da ake kira RDP. Hanyar tana da sauƙin kaya, amma tana da sharaɗi: dole ɓangarorin biyu su san yaren zanen juna. A gefe guda kuma, tun tsakiyar shekarun 1980, akwai ƙananan manhajoji na masu gyara, irin su Carbon Copy da pcAnywhere da Timbuktu ta kwamfutocin Apple, waɗanda kwamfuta take buga wa kwamfuta waya kai tsaye.

Gida na biyu a Cambridge ta Ingila ya tashi, kuma labarinsu ya fi daɗin ji, domin ba abin da suka fita nema suka samo ba. Kamfanin Olivetti na Italiya, wanda tsofaffin akawuna suka sani da keken rubutu, yana da ɗakin bincike a garin tun 1986, ƙarƙashin Andy Hopper. Ma'aikatan wurin suna rataya wani ɗan baji da yake sanar da ginin ɗakin da mutum yake. Daga nan suka ce, tunda ginin ya san inda kake, me zai hana aikinka ya biyo ka? Ka shiga ɗakin abokinka, ka danna maɓalli, fuskar kwamfutarka ta bayyana a allon da ya fi kusa da kai, da takardar da ka bari a buɗe. Sun kuma ƙera wani allo mai suna Videotile wanda ba shi da wayo ko kaɗan, ba ya lissafi, ba ya ajiya, abin da aka turo masa kawai yake nunawa. Tristan Richardson ya tsara ƙa'idar da za a riƙa ciyar da irin wannan allo, shi da abokan aikinsa irin su Quentin Stafford-Fraser da Kenneth Wood da Andy Harter suka mayar da ita manhaja, suka sa mata suna VNC.

Ƙa'idar gajeriya ce ƙwarai: ɗauki wannan yanki mai kusurwa huɗu na ɗige-ɗige, ka ajiye shi a wuri kaza. Shi ke nan. Mai kallo ba ya bukatar sanin ko Windows ce a can ko wani tsarin, ba ya bukatar sanin ko rubutu ne ko hoto. Sai suka ƙara dabaru biyu. Ta farko, ba a sake turo abin da bai canza ba. Kamar mai yaɓen katanga bayan damina, ba ya rushe gini, inda ruwa ya zaizaye kawai yake liƙa wa ƙasa. In agogon da ke kusurwa ne ya canza minti, ɗan gurbin agogon ake turowa. In taga aka ja daga hagu zuwa dama, sai a ce wa mai kallo kwafi abin da ke hannunka daga nan ka mayar can, ba a tura ɗigo ko ɗaya ba. Dabara ta biyu ita ce, a ganina, ta fi kowace muhimmanci ga mutanen ƙarshen layi: mai kallo ne yake neman sabon hoto, ba a cusa masa. In layinsa mai sauri ne, ya nema akai-akai. In mai nauyi ne, ya nema jefi-jefi, canje-canjen da aka yi a tsakani a dunƙule masa su zama ɗaya. Hoto zai riƙa tsalle, amma ba zai taru ya toshe hanya ba. Mutanen Cambridge a kan layi mai gudun gaske suke aiki, amma abin da suka tsara ya fi dacewa da wanda sabis ɗinsa sanda biyu ne.

A 1998 suka saki VNC kyauta, har da rubutun da aka gina ta da shi, kowa ya ɗauka ya gyara. AT&T ya sayi ɗakin binciken a 1999, ya rufe shi a 2002, masu aikin suka kafa RealVNC a shekarar. Amma manhajar ta riga ta fita hannu. Wani ɗan Rasha, Constantin Kaplinsky, ya fitar da TightVNC, wadda ta ƙara matse hoto musamman domin masu layi mai rauni. Wasu suka fitar da nasu.

A lokacin da ake wannan, ina muke? An ƙirƙiro jihar Yobe, inda Nguru da Gashuwa suke, ranar 27 ga Agusta 1991. Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, layukan tarho da ke aiki a Najeriya gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, mafi yawansu kuma a Legas da manyan birane. Manhajar da kwamfuta take buga wa kwamfuta waya ba ta da amfani a garin da ba wayar. Saboda haka zamanin pcAnywhere kusan wucewa ya yi ta samanmu. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki a ƙasar nan, a watan Oktoban shekarar kuma Microsoft ya fitar da Windows XP, wadda ta zo da hanyar shiga daga nesa da ta neman taimako a cikinta. Kayan aiki ya iso ke nan, hanya ce ba ta iso ba. Intanet ɗin da kafe-kafe da bankuna da ofisoshin nesa suka dogara da shi a shekarun nan ta faifan tauraron ɗan'adam yake zuwa, tauraron kuma yana sama da kilomita 35,000 daga ƙasa. Kowane danni sai ya hau ya sauko, amsarsa ta hau ta sauko. Ko babu cunkoso, fiye da rabin daƙiƙa ke nan. Ga mai karanta wasiƙa ba komai ba ne. Ga mai riƙe da linzami azaba ce: ka motsa hannu, kibiya ta tsaya tana tunani, sannan ta wuce inda kake so.

Akwai kuma wata matsala da ba a gani. VNC da RDP suna bukatar ka san adireshin kwamfutar da za ka shiga, kuma ƙofarta ta kasance a buɗe. Kwamfutar da ke kan modem ɗin kamfanin waya ba ta da adireshin kanta. Dubban mutane ne suke fita ta adireshi ɗaya, na waje ba shi da yadda zai ƙwanƙwasa wa mutum guda. Wani ƙaramin kamfanin manhaja na yankin Göppingen a Jamus ya warware wannan a 2005 da TeamViewer, kuma dalilin ƙirƙirarta tun farko shi ne rage zirga-zirgar zuwa wurin abokan ciniki. Dabarar ita ce kowace kwamfuta ta fita da kanta ta kai sunanta ga uwar garken kamfanin, wato babbar kwamfutarsa, a ba ta lamba. Mai gyara ya buga lambar, uwar garke ta haɗa su. Ba saitin ƙofa, ba neman adireshi. A 2014 wasu tsofaffin ma'aikatan TeamViewer suka kafa AnyDesk a Stuttgart, ƙaramar manhaja da ba sai an girka ta ba, ana iya tura ta ta WhatsApp. Kafin nan, a 2010, wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo suka fara aiki a Legas, data ta fara araha, intanet ɗin salula ya fara hawowa arewa a hankali. Sai a wannan lokaci abin da aka tsara a Cambridge ya zama na ɗan shago.

Shekarar 2013 ta haɗa wa wannan yanki abubuwa uku da suka cancanci a jera su tare. A cikinta gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a Gashuwa, tare da ta Gusau da ta Birnin Kebbi. A cikinta hukumar JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta, wadda ta zama dole ga kowa daga 2015, har ta kai ana neman cibiya ta tanadi kwamfuta 250 da ke haɗe da juna kafin a amince da ita. A cikinta kuma, ranar 14 ga Mayu, Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya a jihohin uku. Yobe ba ta samu sabis ba sai a watan Yuli. Mutane suka riƙa tsallakawa maƙwabtan jihohi domin su yi waya kawai. Biyun farko sun cika yankin da kwamfutoci masu bukatar mai kula da su, domin ɗaki mai kwamfuta 250 ba a barinsa ga Allah-ya-kiyaye. Na ukun ya nuna iyakar kulawa daga nesa. Ranar da aka kashe ƙarfen sabis, Kano ta koma nisanta na da, Damaturu ma haka, ta Bayamari da Dapchi.

Bayan nan abubuwa suka riƙa tururuwa: rajistar BVN daga 2014, haɗa lambar NIN da layin waya daga ƙarshen 2020, masu POS a kowane lungu, makarantu da asibitoci da aka ce su koma ajiye bayanai a kwamfuta. Kowane ɗaya ya zo da manhajarsa, da na'urar ɗaukar zanen yatsa ko firinta, da ranar da za ta ƙi aiki. Wanda ya san ciwonta kuma galibi ba ɗan garin ba ne.

Ga yadda abin yake kasancewa a irin shagunan buga takardu na bakin tasha. Janareta na kuka a waje, an rufe kibod da ƙyalle saboda ƙura, mutane biyar suna jira da takardunsu. Na'urar zanen yatsa ta ƙi kamawa. Yaron shago ya kira mai gyara a Kano, ya saki murya kowa na ji.

"Oga, barka da rana. Abin nan ne ya sake tsayawa, wani rubutu yake fitowa."

"Me ya ce?"

Yaro ya fara harhaɗa Turancin, ya tsallake rabi. A da, a nan ake ƙone kati, ana "duba gefen hagu", "a'a, ɗaya hagun". Yanzu sai mai gyara ya katse shi.

"Bari kawai. Buɗe jan nan, AnyDesk, ka karanto min lambar da ke sama."

Ya karanto uku-uku. Wata taga ta buɗe.

"Danna koren. Yauwa. To cire hannunka daga maus, kada ka taɓa komai."

Sai kibiya ta fara tafiya ita kaɗai. Wani dattijo cikin masu jira ya gyara zama ya matso. Kibiya ta buɗe nan, ta rufe can, ta tsaya cik domin sabis ya sauka, hoto ya dushe a wurin mai gyara, sannan ta ci gaba. Can sai murya ta ce, "Zare kebul ɗin ka mayar a ɗaya ramin." Wannan kam sai yaron, domin hannun Kano ba ya kaiwa nan. An gama, maigida ya tura kuɗin aiki ta waya. Gani ya kori ji: abin da kwatance ya kasa cikin rabin awa, ido ya gama shi kafin layi ya watse.

Masu gyaran waya sun ɗauki abin sun kai shi gaba. Manhajojin filashin da na buɗe waya masu kyau suna da tsada, wasu sai da lasisin shekara. Maimakon ɗan shagon Nguru ya saya, sai ya jona wayar a kwamfutarsa, ya ba wani gwani lamba, ko a Farm Centre ta Kano, ko a Computer Village ta Ikeja, ko ma a wata ƙasar, ya shigo ya yi aikin, a raba kuɗi. Wayar ba ta bar kan tebur ba. Ba zan ɓoye ba, wannan hanya ba ta tambayar ko wayar ta mai ita ce.

A nan ne nake da ja da masu cewa fasaha ta kashe nisa. Tafiya ta rage, gaskiya ne, kuma wanda ya taɓa rufe shago kwana uku yana jiran mai gyara ba zai raina wannan ba. Amma dubi inda kowane abu yake. Gwani yana Kano. Uwar garken da take haɗa ku tana hannun kamfanin Jamus. Bayanan da kake shigarwa suna Abuja. Abin da ke hannunka allo ne da kebul. Reshen banki ko ofishin gwamnati a ƙaramin gari, in hedikwata tana iya shigowa ta gyara masa komai daga nesa, ba ta ga dalilin ɗaukar ƙwararre ta zaunar a can ba. Ta wannan fuska, abin da ya sauƙaƙa gyara shi ne ya hana gwaninta sauka. Sai dai akwai ɗaya fuskar, kuma ba ƙarama ba ce. Yaron shagon nan yana kallon duk inda kibiya ta shiga. Da an ɗauki kwamfutar an kai Kano, da gyararriya kawai zai gani. Yanzu a gabansa ake yi, karo na uku ba ya kira. Kuma waya ba ta san gabas da yamma ba: ɗalibin da ya gama a Gashuwa yana iya zama a ɗakinsa ya kula da kwamfutar da ke Legas, in yana da sola da sabis mai tsayawa. Tun daga Janairun 2023, da Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka, jinkirin tauraro ma ya faɗi, domin nasu taurarin kimanin kilomita 550 suke daga ƙasa. Kuɗinsa ne dai bai zama na kowa ba.

Saura maganar amana, wadda ta taso tare da fasahar tun ranar farko. A 1998, shekarar da aka saki VNC, wasu masu kutse suka saki Back Orifice, manhajar da take ba wani ikon kwamfutarka daga nesa ba tare da saninka ba. A wajen aiki babu wani bambanci mai yawa tsakaninsu, izini ne ya raba. A farkon 2012 kamfanin Symantec ya shawarci masu pcAnywhere su kashe ta na ɗan lokaci, bayan ta tabbata an sace rubutun da aka gina ta da shi. Ranar 23 ga Disamba 2015, ma'aikatan rarraba wutar lantarki a yammacin Yukren suka zauna suna kallon kibiya tana tafiya ita kaɗai a allonsu, tana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya, suna jan linzami ba ya jin su. Gidaje da wuraren aiki sama da 200,000 suka shiga duhu cikin sanyin hunturu. A watan Mayu na 2019 aka gano wata ɓaraka a RDP da aka laƙaba wa BlueKeep, mai girman da ya sa Microsoft ya koma ya yi wa Windows XP faci, alhali ya daina kula da ita tun 2014. Wanda ya san yawan tsofaffin kwamfutocin gwanjo da ke shagunanmu, da Windows ɗin da ba a taɓa sabuntawa ba, ya san ba labarin nesa ba ne.

Ko a jarrabawa abin ya leƙo. Hukumar JAMB ta sha bayyana cewa ta kama cibiyoyi a wasu sassan ƙasar da suka ja kebul zuwa ɓoyayyen ɗaki, ɗalibi na zaune gaban allo, wani ne yake amsawa daga can.

Haɗarin da ya fi kusa da talaka shi ne na waya. A 2019 babban bankin Indiya ya gargaɗi bankuna cewa 'yan damfara suna sa mutane su sauke AnyDesk a wayarsu su karanto lamba. Salon ɗaya ne ko'ina: murya mai ladabi, "Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka, bari mu taimaka maka." Ba sa ma bukatar su tambaye ka lambar sirri. Suna kallo kana buga ta, suna kallo saƙon tabbatarwa ya shigo. Daga 2023 WhatsApp ya ƙara damar nuna fuskar waya ga wanda kake kiran bidiyo da shi, ba sai an sauke wata manhaja ba. A shaguna kuwa, haɗarin ya fi zuwa ta hanyar sabo. Domin kada a riƙa tashin yaro ya danna kore, sai mai gyara ya sa kalmar sirri ta dindindin, ya shigo duk lokacin da ya so, ko da dare ne, muddin kwamfuta tana kunne. A cikinta akwai hotunan fasfo, da takardun NIN, da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane. In an ɓata da mai gyara an koma wurin wani, ba kasafai ake tuna a canza kalmar ba.

A farkon Fabrairun 2024, AnyDesk da kansa ya sanar cewa an yi kutse cikin na'urorinsa. Ya soke kalmomin sirrin shafinsa, ya sauya takardar shaidar manhajar, ya nemi kowa ya sauke sabon zubi. A yawancin shagunan da muke magana, sabunta manhaja aikin mai gyara ne, shi kuma ta AnyDesk ɗin zai shigo ya yi.